Wane fandeshan ne ke zama a fuskar mai zufar ciwon tayirod?

Ummu Nabila (Unguwar Rimi):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu sani. Tun bara likita ya tabbatar min ina da ciwon tayirod, irin wanda ƙwayar maƙogwaro ke aiki fiye da kima. Ina kan magani, alhamdulillahi bugun zuciyar ya lafa, kyarmar hannu ma ta ragu, amma zufa ta ƙi barina. Ba irin zufar watan Afrilu da kowa ke yi nake nufi ba. Ko cikin hunturu, mutane na ƙudundune da rigar sanyi, ni goshina da saman leɓena da gefen hancina suna tsatstsafar ruwa. Koyarwa nake yi a sakandare, tsaye nake wuni gaban yara. Ciwon ya bar min duhu a ƙarƙashin ido, fuskar ta faɗa, shi ya sa ba na son fita haka nan. Fandeshan, wato man kwalliya mai launin fata, na Maybelline Fit Me nake shafawa, amma kafin ƙarfe goma ya dame, ya yi layi-layi zuwa haɓa, bakin hijabina duk ya ɓaci. Don Allah wace ce ta san wanda ke riƙewa daga safe zuwa tashi?

Maman Afnan:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar uwa, Allah ya sa kaffara ne, ya kawo sauƙi.

Ummin Twins (Kawo):
Ki nemi Milk of Magnesia a kemis, ki shafa siriri kafin fandeshan, ki bari ya bushe ya yi fari. Duk masu kwalliyar amare shi suke sawa. Fuska ba ta motsi har dare.

Hajiya Babba (Tudun Wada):
'Yata, ni dai da za ki ji tawa da kin haƙura da shafe-shafen nan har ki warke. Mai ciwo lafiya yake nema. Ki wanke fuskarki, ki sa kwalli, ki riƙe hankici, shi ke nan. Yaran makaranta karatu suka zo ɗauka.

Ummu Nabila:
Hajiya na gode, kuma na san don ƙauna kika faɗa. Amma bari in gaya miki abin da ke faruwa ranar da na fita ba komai a fuskata. Tun daga bakin get mai gadi zai ce Malama lafiya kuwa? A ofis abokan aiki su ce kin rame, idonki ya fito, ko dai a mayar da ke gida? Iyayen yara su bi ni da kallon tausayi. Kowa da kyakkyawar niyya yake tambaya, amma sai in wuni ina bayanin ciwona maimakon aikina. Ranar da na rufe duhun nan kuwa, gaisuwa kawai ake yi a wuce. Ciwon ya karɓe min barci, ya karɓe min ƙiba, gashina ma yana zuba. Fuskar da zan shiga mutane da ita ce kaɗai abin da nake jin yana hannuna. Ba don burgewa ba ne Hajiya.

Hajiya Babba:
Allah sarki. To na ji ki 'yata. Masu sani su taimaka mata.

Maman Joy (mai kwalliya, Barnawa):
Sannu Malama. Ni sana'ata ke nan, kuma ina da kwastomomi masu irin matsalarki, wasu tayirod, wasu suga, wasu kuma ɗaukewar al'ada ce ta zo musu da zafin jiki. Abu na farko da nake so ki gane: maiƙo daban, zufa daban. Fit Me ɗin nan da kike shafawa, mai rubutun Matte + Poreless, don mai maiƙon fuska aka yi shi, yana shanye mai. Ke kuwa ruwa ne ke fitowa daga ƙarƙashin fata. Abin da ke shanye mai ba ya tare ruwa. Shi ya sa mata da yawa ke ta canza kwalba suna cewa jabu aka sayar musu, alhali kayan na gaske ne, aikinsa ne ba wannan ba.

Wanda kike buƙata shi ne wanda idan ya bushe yake zama siririn shimfiɗa a kan fata, zufa ta fito ta taru a samansa ƙwaya-ƙwaya ba tare da ta narkar da shi ba. Ki juya bayan kwalba ki karanta jerin sinadaran. Idan kin ga dimethicone ko isododecane a sahun farko, musamman kuma idan akwai trimethylsiloxysilicate, to irinsu ne. Wannan mai dogon sunan shi ke ɗaure launin a jikin fata. Wanda na fi yarda da shi a hannuna Estée Lauder Double Wear ne, sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne yanzu. Ƙasa da shi akwai Revlon ColorStay na masu maiƙon fuska, da Maybelline SuperStay. Kada awa 24 ko 30 da suke rubutawa a jiki ya ruɗe ki, ba a ajin da ba fanka aka gwada su ba. Idan ya kai ki ƙarfe biyu da ɗan gyara sau ɗaya, ya biya kuɗinsa.

Amma gaskiya rabin aikin a hannu yake, ba a kwalba ba. Mai zufa tana ganin idan ta laɓta da yawa zai fi daɗewa. Akasin haka ne. Kamar fenti ne a bangon da ke tsatstsafar ruwa da damina, mai kauri shi ke fara ɓamɓarowa. Ɗigo ɗaya ko biyu ya ishe ki, ki danna da soso, kada ki goga. Kuma ba dole ne ki rufe fuskar duka ba. Damuwarki ƙarƙashin ido ce da kumatu, to ki sa a nan. Saman leɓe da bakin gashi, inda ruwan ya fi fita, ki bar su da hoda kawai. Inda ba a shafa komai ba babu abin da zai zubo.

Ummu Nabila:
Ikon Allah. Ni kuwa saman leɓen nan na fi cikawa saboda nan yake fara gogewa.

Maman Joy:
Shi ya sa yake yin layi. Sannan lokacin shafawa ma yana da muhimmanci. Kada ki fito daga wanka da ruwan zafi ko daga kicin ki zauna gaban madubi. Ki gama abincin yara, ki yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi, ki zauna gaban fanka har jikin ya huce, fuska ta bushe ƙarau. Man shafawa kaɗan, mara nauyi, ki ba shi minti biyar zuwa goma ya shige. Basilin ko man kaɗanya a fuska da safe, a'a, ki bar su sai dare. Bayan fandeshan ki danna farar hoda mai laushi da fof, ki fesa abin riƙe kwalliya, ki bari ya bushe kafin ki zura hijabi. A aji kuma idan zufa ta taru, tishu za ki ɗora ki danna ki ɗaga. Hankici da ake sharewa da shi shi ke kwashe komai. Kuma kada ki sa hoda a kan jiƙaƙƙiyar fuska, caɓewa take yi. A tsane tukuna.

Ummin Twins:
Anti Maman Joy ba ki ce komai a kan Milk of Magnesia ba. Ni a bikin ƙanwata shi aka sa mana, har aka tashi daga dina fuskata ba ta yi ƙyalli ba.

Maman Joy:
Na san ana sawa, kuma na ranar biki ɗaya ba zan yi musu da ke ba. Amma ƙyalli ya hana, wato maiƙo. Ita Malama kullum za ta fita, kuma ruwa ne damuwarta.

Maman Yusra (ma'aikaciyar jinya):
Bari in sa baki a nan. Milk of Magnesia maganin ciki ne, na ƙwannafi da taurin bayan gida. Fatar mutum tana da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin pH wajen 5 take, wannan tsamin ne ke kare ta daga ƙwayoyin cuta. Shi kuwa maganin nan ya haura 10. Idan aka dinga shafa shi kullum fata na bushewa, ta yi kaushi, ƙuraje su biyo baya. Fuskar da dama take wuni a jiƙe, tana gogar hijabi, ba ta buƙatar ƙarin wahala.

Sannan Malama, tambaya nake da ita. Yaushe rabonki da gwajin jini na TSH da T4, wato mai auna aikin tayirod? Dalilin tambayar, zufar mai wannan ciwo daga yawan sinadarin tayirod take, shi ke sa jiki ƙona abinci da sauri yana fitar da zafi. Idan magani irin su carbimazole ya daidaita shi, yawanci zufar ma tana raguwa. Idan kin daɗe kina sha amma har yanzu kina jiƙewa cikin hunturu, wataƙila adadin da kike sha yana buƙatar dubawa, ko kuma akwai wani dalili daban. Mu mata idan muka shiga wurin likita sai mu faɗi bugun zuciya da rashin barci, mu bar zufa a waje don muna ganin ba ciwo ba ce. Alama ce, ki faɗa masa da bakinki, ki gaya masa tana hana ki aiki. Akwai likitocin wannan fanni a asibitin Barau Dikko da kuma na Shika. Kada dai ki ƙara ko ki rage ƙwaya da kanki.

Ummu Nabila:
An ɗan kwana biyu da gwajin gaskiya Sista. Ina da ranar komawa a wata mai zuwa, zan faɗa masa in sha Allah.

Maman Yusra:
Yawwa. Ga sauran 'yan uwa masu karantawa kuma, ba kowace zufa ake rufewa da hoda ba. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya, idan zufa mai sanyi ta keto mata farat ɗaya tare da kyarma da yunwa da jiri, sugan ne ya faɗi, ƙasa da 70 a na'urar gwaji. Abu mai zaƙi za ta sha nan take. Wadda ke jiƙe zanin gado da dare tana rama tana tari fiye da mako biyu, gwajin tarin tibi za ta je, kuma kyauta ake yi a asibitocin gwamnati. Wasu magungunan ma da kansu suna jawo zufa, irin su tramadol da prednisolone da wasu na ciwon damuwa.

Ummu Abdallah (Rigasa):
Ni duk bayanin nan na ji, amma akwai abin da ba wanda ya taɓo. Maman Joy ta ce a nemi wanda ruwa ba ya narkarwa. To alwala fa? Wanke fuska farilla ne, kuma dole ruwa ya taɓa fata a cuɗa. Abin da zufa ta kasa ratsawa ta ciki, ta yaya ruwan alwala zai ratsa shi ta waje? Ina tsoron a gyara fuska a ɓata salla.

Maman Afnan:
Wallahi abin da ke raina ke nan tun ɗazu.

Ummin Twins:
Ai sai ta yi alwala da safe kafin ta shafa, ta riƙe. Zufa dai ba ta karya alwala.

Ummu Abdallah:
Zufa ba ta karyawa, gaskiya ne. Amma daga ƙarfe bakwai na safe zuwa Azahar? Mai lafiya ma da ƙyar. Abin da muka koya a Islamiyya shi ne a bambance mai launi da mai jiki. Lalle launi ne, idan an wanke shi ya bar ja kawai, ruwa na isa fata. Jan farce kuwa jiki gare shi, sai an cire. Wannan da aka ce yana bushewa ya zama shimfiɗa, a fahimtata ɓangaren jan farce ya fi kusa. Ni ba malama ba ce, ta tambayi malaminta, amma kada mu wuce maganar kamar babu ita.

Maman Yusra:
Riƙe alwalar ma ina da magana a kai. Mai zufa haka tana asarar ruwa da yawa, dole ta dinga sha. Na san mata da ke ƙin shan ruwa a wurin aiki, ko su matse fitsari, don kada alwala ta karye su wanke kwalliya. Ga mai wannan ciwo, a zafin Kaduna na Maris da Afrilu, hatsari ne. Ki sha ruwanki Malama, ki zaga idan ya kama.

Maman Joy:
Ni ba Musulma ba ce, hukuncin ba nawa ba ne, amma yawancin kwastomomina Musulmi ne kuma ba zan yi muku ƙarya don in sayar da kaya ba. Irin waɗanda na lissafa ruwa kaɗai ba ya cire su. Ko da dare sai da mai ko ruwan goge kwalliya na misela suke fita. Wadda ta ce miki ruwa na ratsa Double Wear ba ta faɗa miki gaskiya ba.

Abin da wasu ma'aikata ke yi shi ne su raba ranar biyu. Ƙaramar jaka: ruwan misela a 'yar kwalba, auduga, fandeshan kaɗan da aka zuba a ƙaramin mazubi, da hoda. Lokacin Azahar a goge, a wanke, a yi alwala yadda ya kamata, a yi salla. Idan akwai sauran aiki a mayar, idan gida za a tafi a bar shi. A nan ne amfanin shafa kaɗan yake fitowa. Wadda ta rufe fuska duka da kauri ba za ta iya wannan a ofis ba, amma wadda ƙarƙashin ido da kumatu kawai ta taɓa, minti biyar ya ishe ta. Ita Malama ma sa'a ta yi, makaranta na tashi kusan lokacin.

Ummu Abdallah:
To wannan hankalina ya kwanta da shi. Na gode Maman Joy da ba ki ɓoye ba.

Ummu Nabila:
Nima haka. Dama kafin Azahar ɗin ne matsalata, awa shida zuwa bakwai nake nema, ba wuni guda ba.

Amaryar Malali:
Ni wata ta ce min tana shafa abin hammata a goshi, wai Driclor. Ya halatta a fuska?

Maman Yusra:
Driclor yana da ƙarfi, aluminium chloride ne kashi 20 cikin ɗari. Yana toshe bakin hanyar zufa na ɗan lokaci, da dare ake sa shi a busasshiyar fata a wanke da safe. Amma takardarsa hammata da tafin hannu da tafin ƙafa ta ambata. A fuska yana iya ƙuna, idan ya gangara ido kuwa abin ba daɗi. Masu wannan nau'in tayirod da yawa idonsu dama yana bushewa yana yaji. Akwai likitocin fata da ke ba da izinin sa irinsa kaɗan a bakin gashi, akwai ƙwayoyi irin su oxybutynin da ke rage zufa, har allurar Botox ana yi a goshi. Duk waɗannan a ɗakin likita ake yanke su. Ƙwayoyin nan suna busar da baki, suna iya ƙara bugun zuciya, kuma jikin da aka hana zufa cikin zafi ba shi da hanyar hucewa.

Wani abu kuma tunda an zo nan. Duk mai shafa man bilicin, musamman haɗin da ake zubawa a roba ba suna ba lamba, ta sani da yawansu akwai sitiroyid a ciki. Yana sirantar da fata, jijiyoyi su fito, kuma irin wannan fatar ba abin da ke zama a kanta lafiya. Duhun ƙarƙashin ido na ciwo ba a goge shi da man bilicin.

Hajiya Babba:
Ni abin da zan ƙara na tsofaffi ne. Hijabin roba mai santsin nan da kuke yayi, da hular ciki mai matse kai, su ma suna dafa mutum. Ta ka ma zafi yana fita. 'Yata ki shiga Kasuwar Barci ki yanki yadi mai auduga mara nauyi a ɗinka miki, mai duhun launi ta wajen fuska yadda ko ya taɓa ba zai nuna ba. Shayi mai citta da yaji da safe ma ki rage.

Maman Joy:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ki sayi 'yar fankar hannu mai caji ki ajiye a tebur.

Ummu Nabila:
Allah ya saka da alheri Hajiya, hular cikin nan kam zan canza. Maman Joy saura launi da inda zan saya. A Fit Me lamba 355 nake ɗauka. Ina tsoron in zuba kuɗi a kan jabu, ko in sayi wanda zai mayar da ni toka-toka.

Maman Joy:
Lambar wani kamfani ba ta aiki a wani, sai kin gwada. Kuma masu daɗewar nan sukan ƙara duhu kaɗan bayan sun bushe, don haka kada ki yanke hukunci a cikin shago ƙarƙashin farin ƙwai. A ɗiga miki a gefen muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, ki fita rana, ki zaga kasuwa kamar minti ashirin har zufar ta fito, sannan ki duba madubi. Nan za ki ga launin gaskiya, ki kuma ga ko yana riƙewa. Idan mai shago ya ƙi a gwada, ki tambaya ko yana sayar da ɗan kaɗan a ƙaramin mazubi, wasu suna yi. Ki gwada kwana uku a aji kafin ki sayi kwalba.

Batun jabu kuwa, farashi ne ke fara tona shi. Idan aka ce miki ga Double Wear a kuɗin Fit Me, ki ajiye. Ki duba lambar da aka buga a gindin kwalba ta yi daidai da ta kwali, rubutu ba ya gogewa da yatsa, ba warin fenti ko kananzir, kuma mai bai rabu ya taso sama ba. Kayan da aka shanya a tire cikin rana ko na gaske ne sun riga sun lalace. Idan kuɗin bai kai ba kada ki raina namu na gida, Zaron da House of Tara don fatarmu da yanayinmu suke haɗa launukansu, ki dai karanta bayan kwalbar kamar yadda na ce.

Amaryar Malali:
Anti soson fa, a jiƙa shi ko a bushe? Na ga a bidiyo suna jiƙawa.

Maman Joy:
A jiƙa a matse sosai cikin tawul har ya zama ba ya ɗiga. Kuma mai zufa ta wanke shi da sabulu duk bayan amfani ta shanya a iska, kada ta jefa shi cikin jaka da danshi. Fof ɗin hoda ma a riƙe biyu ana musanyawa.